Yadda Ake Gyara Daɓen Siminti a Ɗakin Ajiya Don Tare Danshi da Sanyi

A yawancin gidajen ƙauyukan Kano da Jigawa akwai ɗaki guda da ba a kwana a cikinsa, amma shi ke riƙe da arzikin gida. Nan ake jibge buhunan masara da gero da wake da gyaɗa, nan injin markaɗe yake, nan ake ajiye taki da batiran sola, wasu gidajen ma nan uwargida ke wanki idan ruwa ya hana fita tsakar gida. Da zarar an yi masa daɓen siminti sai maigida ya ɗauka an gama. Sai watan Agusta ya shigo a ɗaga buhun da ke ƙasa, a tarar gindinsa ya yi baƙi, hatsin ya dunƙule yana warin fumfuna, alhali rufin ɗakin ko ɗigo ba ya yi.

Galibi ruwan daga ƙasa yake tasowa. Siminti da ya bushe cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, kuma ta cikinsu yake jawo laimar ƙasa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jawo kananzir. Don haka duk gyaran da za a yi, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne a yanke wannan hanya da leda mai kauri. Abin tare sanyi da zafi yana zuwa ne a bayanta, kuma ba kowane ɗaki ne ke buƙatarsa ba.

Fara da gano inda ruwan yake fitowa

Kada ka sayi ko buhun siminti ɗaya kafin ka yi wannan gwaji, kuma da damina ake yin sa, tsakiyar Agusta ya fi. Ka share daɓen, ka yanko farar leda mai faɗin kamar santimita 45 ta kowane ɓangare, ka shimfiɗa ta, ka liƙe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ka yi haka a wuri uku: tsakiyar ɗaki, kusurwa, da gindin bangon da ruwan sama ya fi duka. Ka bar ta kwana ɗaya zuwa biyu.

Idan ka ɗaga ka ga ɗigon ruwa a ƙarƙashin ledar, ko simintin wurin ya yi duhu, laima ce daga ƙasa. Idan kuwa a saman ledar ruwan ya taru, ƙasanta a bushe, to raɓa ce: iskar damina mai ɗauke da ruwa tana sauka a kan daɓe mai sanyi sai ta yi gumi. Maganinsu ya bambanta. Na farko leda ke maganinsa. Na biyu iska ke maganinsa, wato taga ko 'yan kafofi biyu masu kallon juna a saman bango da aka sa wa raga, sannan abin tare sanyi a ƙarƙashin daɓe yana taimakawa ƙwarai.

Bayan wannan ka ɗauki guntun rodi ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara mai ƙarfi, lafiya lau. Inda ya yi amo kamar akwai rami, cikon da ke ƙasa ya zauna ko gara ta yi gida. Ka duba gindin bango kuma. Farin gari mai kama da gishiri da filasta mai ɓarewa alama ce ta laima na hawa bangon shi kansa.

Sai ka fita waje ka zagaya ɗakin, domin sau da yawa a nan matsalar take. Ina ruwan kwano ko na indararo yake zuba? Idan a gindin bango yake taruwa, ko makwararar wanka da wanke-wanke ta bi ta jikin ɗakin, sai an kawar da wannan kafin a taɓa ciki. A yi ciko a gindin bango ya gangara waje, a yi masa ɗan daɓe mai faɗin kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya, a buɗe wa ruwa hanya ya yi nisa. Daɓen ciki ya kamata ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Mutanen bakin kogin Haɗeja, irin su Ringim, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja kanta, waɗanda suka ga ambaliyar 2022, sun san santimita 15 ba komai ba ne a wajensu. A irin waɗannan wurare sai an ɗaga ɗakin sosai, kuma a sani cewa leda laima take tarewa, ba ta tare ruwan da ya shigo ta ƙofa.

Shin ɗakinka na buƙatar abin tare sanyi?

Abin da ake sawa shi ne farin abin nan mara nauyi da ake samu cikin kwalin sabon firji ko talabijin, wanda ake sayarwa allo-allo ana ce masa folistarin. Yana hana zafi ko sanyi ratsawa fiye da kankare kusan sau 40, wato allo mai kaurin santimita 5 yana yin aikin da sai kankare mai kaurin kusan mita 2 zai yi.

Amma a tsaya a yi tunani. A ƙasashen sanyi ana sa shi ne don kada ɗumin ɗaki ya tsere cikin ƙasa. Mu a nan, a Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, sanyin ƙasa alheri ne. Shi ya sa mutane ke sauka daga gado su kwanta a kan siminti. Idan ka sa folistarin ka raba ɗakin da wannan sanyi. Don haka ni a ganina, ɗakin da batiran sola ko firji ke ciki, wanda da ma zafi ne abokin gabarsu, leda kaɗai ta ishe shi, sai a ƙara masa iska. Wanda ya cancanci folistarin shi ne ɗakin da gwajin ledar ya nuna yana gumi ta sama, ko ɗakin da ake renon 'yan tsaki a hunturu, lokacin da sanyin dare ke kashe su a kan siminti, ko kuma inda tsohuwa ke zama tana aiki a ƙasa a watannin Disamba da Janairu. Wanda bai da ɗaya daga cikin waɗannan ya tsallake sashen folistarin, ya sa kuɗin a leda mai kyau da isasshen siminti.

Kayan aiki

Zan yi lissafin a kan ɗaki mai mita 3 da mita 3, wanda magina ke kira ƙafa goma-goma.

Leda ita ce ba a yi mata rowa. Ana neman mai kaurin da 'yan kasuwa ke kira geji 1000 ko 1200, wato kashi ɗaya cikin huɗu na milimita zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka gwada ta da hannu: idan ka danna babban yatsa ya huda ta cikin sauƙi, ba ita ba ce. Ledar shanya da ta sha rana, da buhunan taki da aka ɗinke, duk ba sa wannan aiki. Mita 4 da mita 4 za ta isa ɗakin har da abin da zai hau bango. Idan za a sa folistarin ana buƙatar leda ta biyu, ita ko ba ta kai ta farko kauri ba babu laifi.

Folistarin mai kaurin santimita 2.5 zuwa 5, kuma mai tauri, wanda idan ka taka shi da tafin ƙafa ba ya lotsawa ya zauna. Idan allon ƙafa 4 da ƙafa 8 ne, guda 4 sun isa har a samu rarar da za a yanka a jera a gefen bango. Soson katifa ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan, domin yana shan ruwa kuma yana lotsewa. Guntayen cikin kwali ma ba su da daidaiton da za su ɗauki nauyin buhuna. Ɓuntun shinkafa, duk da yana samuwa a banza a wajen masu casa a Kura da Haɗeja kuma yana tare zafi, idan aka zuba shi ƙarƙashin daɓe zai zauna daga baya daɓen ya fashe. A Kano ana samun kayan gini a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma masu sayar da kayan silin sukan san inda ake samun folistarin.

Siminti buhu 5 na kilo 50 don daɓen sama. Ka shafa buhun kafin ka biya. Idan akwai dunƙule-dunƙule masu tauri a ciki ya sha laima, ka bar shi. Yashi ya zama mai kaushi na kogi, ba lallausan rairayin filasta ba. Ka zuba shi cikin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye 'yan awoyi. Laka za ta kwanta a saman yashin. Idan kaurinta ya kusa santimita ɗaya a kan yashi mai santimita 10, a wanke yashin ko a sauya. Sai ragar ƙarfe ta daɓe, salatif mai faɗi, tiyo fari na awon daidaito, dogon katako miƙaƙƙe, cokalin gini, shebur, baro da kwanon gini.

Idan tsohon daɓen yana da lafiya

Wannan ita ce hanya mai sauƙi, domin a kansa za a ɗora sabon. Amma ka fara da lissafin tsawo. Folistarin santimita 5 da daɓe santimita 7 sun ɗaga ɗakin da santimita 12. Ƙofa za ta buɗu? Idan ta ƙarfe ce sai an kira mai walda ya rage ta ko ya ɗaga ta, kuma gara a yi wannan kafin a kwaɓa siminti. Idan rufin gajere ne a yi amfani da folistarin na santimita 2.5.

A kwashe komai, a share tas. Duk wani tsini na tsohon siminti, ƙusa ko tsakuwa da ta fito a sare ta da guduma, domin ita za ta huda ledar. A buɗe tsagogi kaɗan da kurfi, a jiƙa, a cike da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku. Inda daɓen ya yi kwari a cike shi ya daidaita, saboda folistarin da ya kwanta a kan rami zai karye idan nauyi ya hau. A kusurwar da bango ya haɗu da daɓe a ɗan yi shafe mai lanƙwasa da siminti don ledar ta hau ba tare da ta rataya ba. A bar gyaran kwana biyu ya kama.

Idan akwai alamar gara, yanzu ne lokacin maganinta. A nemi maganin gara mai rajistar NAFDAC a shagon kayan noma, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin robar, a sa safar hannu da takunkumi, a bi tsagogi da gindin bango, a kori yara daga wurin. Al'adar zuba baƙin mai a bar ta. Yana gangarawa ya gurɓata rijiya, ga warinsa a ɗakin abinci, kuma mai da fetur da kananzir suna lalata folistarin. Gara ba ta cin folistarin, amma tana haƙa hanya a cikinsa cikin sauƙi har ta kai ga katako da buhuna, don haka wannan mataki ba na tsallakewa ba ne.

Sai shimfiɗa leda. A cire takalma, ko a sa silifa mara ƙusa. A shimfiɗa ta ta rufe ɗakin duka, gefunanta su hau bango su wuce inda sabon daɓen zai tsaya da kamar santimita 10. A kusurwa naɗe ta ake yi, ba a yankawa. Idan dole sai an haɗa biyu, ɗaya ta hau kan ɗaya da aƙalla santimita 15, in da hali 30, a liƙe da salatif tun daga farko har ƙarshe. Inda bututun ruwa ya ratsa a yanka daidai girmansa a naɗe da salatif sosai. Kafin a ci gaba, mutum ɗaya ya durƙusa ya bi ledar da ido da hannu. Duk hujin da ya gani ya yanko ƙyalle na leda ya liƙe a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙaramin huji a nan yana nufin tabon laima a daɓe har abada, domin da an zuba siminti ba mai sake ganinsa.

Daga nan a yanka folistarin siri-siri, tsawonsa daidai da kaurin dukan abin da za a ɗora, a jera shi a tsaye a gindin bango ya zagaye ɗakin. Wannan yana raba daɓen da bango, ya ba shi wurin motsi idan zafi ya buɗa shi ko sanyi ya tsuke shi. Sannan a jera allunan a kwance, a matse su da juna, a saɓa mahaɗarsu yadda ake saɓa bulo, a liƙe da salatif. Wuƙa mai kaifi ko zarto mai ƙananan haƙora na yanka shi. Idan wayar lantarki za ta bi ta ƙasa a sa ta cikin bututu, domin robar jikin waya na lalacewa idan ta daɗe manne da folistarin. Kada a kawo wuta ko sigari kusa, yana kamawa da sauri kuma hayaƙinsa na da illa.

A rufe allunan da leda ta biyu don ruwan siminti kada ya zurara tsakaninsu. A shimfiɗa katakai a matsayin hanya, baro da leburori su bi ta kai. A ɗora ragar ƙarfe a kan 'yan guntayen siminti masu faɗi yadda za ta tsaya a tsakiyar kaurin daɓen, a lanƙwasa bakin wayoyinta sama. Ragar da aka bari kwance a ƙasa ba ta yin aikin komai.

Zuba daɓen sama

Nan ne ake yawan samun saɓani da magini, don haka a yi maganar tun kafin ranar aiki. Daɓen da ke zaune a kan folistarin ba ya manne da komai, ƙarfinsa daga kaurinsa yake. Kada ya gaza santimita 6.5, kuma a ɗakin da za a jibge buhuna ko a kafa inji a kai shi 7.5. Idan magini ya ce, “Maigida, inci ɗaya ma ya isa, haka muke yi,” ka ce masa, “Malam, wancan a kan kankare ne, wannan a kan abu mai taushi zai zauna.” Magini mai hankali zai gane nan take. Ko leda kaɗai aka sa ba folistarin, kada a yi ƙasa da santimita 5.

Kwaɓin shi ne siminti ɗaya yashi huɗu. Buhu ɗaya kwanon gini 2 ne, don haka kowane buhu na ɗaukar kwano 8 na yashi, kimanin baro 2 ba tare da tozo ba. Idan nauyin da zai hau mai yawa ne, a yi kankare da ƙananan tsakuwa: buhu ɗaya, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. A gauraya a bushe har launin ya zama ɗaya kafin a sa ruwa.

Ruwa ne ke kashe yawancin daɓen ƙauye. Lebura na son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin shimfiɗawa, amma duk ruwan da ya wuce kima zai ƙafe ya bar kafofi, daɓen ya yi rauni, ya tsattsage, ya riƙa fitar da ƙura. Jarka ɗaya mai lita 25 ita ce iyakar buhu ɗaya, idan yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Ga kwaɓin yashi, ka damƙa a hannu: ya dunƙule ya tsaya, ruwa bai zubo ta tsakanin yatsu ba. A yi amfani da ruwan da za a iya sha, ba na kududdufi ko na wanki ba. Mai kwaɓi ya sa takalmin roba da safar hannu, ɗanyen siminti na cin fata.

A sa alamar tsawo a bango da tiyon awo a kusurwa huɗu. Idan za a riƙa wanki a ɗakin, a karkatar da daɓen da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa wajen makwarara, bututun kuma ya kai ruwan nesa da gindin bango. A fara zubawa daga ƙuryar ɗaki ana ja da baya zuwa ƙofa. A bubbuga sosai don ya cushe, a ja dogon katako a daidaita, a goge da katakon shafe. Idan ya fara kamawa, ruwan saman ya janye, sai a bi da cokalin ƙarfe a yi masa santsi. Inda ake wanki a bar shi da ɗan kaushi saboda zamewa. Barbaɗa busasshen siminti a sama don ya sha ruwa ya yi sheƙi dabara ce da ke ba da ɓawo mai ɓarewa bayan shekara ɗaya ko biyu. A gama ɗakin a rana ɗaya, a fara da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Idan tsohon daɓen ya lalace

Idan ƙwanƙwasawa ta nuna rami a wurare da yawa, ko daɓen ya nutse ta gefe ɗaya, fasa shi ya fi. A haƙe ƙasar da ta yi laushi, a tono gidan gara har a kai ƙarshensa. A yi ciko da jar ƙasa ta marmara kashi-kashi, kowane kashi kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa a daddaɓe kafin a ƙara wani. Iyayenmu mata da ke daɓe da madaɓi da ruwan makuba suna yini suna bugu ne saboda sun san ƙarfin daɓe daga matsewar ƙasa yake farawa, kuma wannan bai canja ba don an samu siminti.

A kan cikon a zuba tsakuwa ko fasasshen dutse santimita 10, a daddaɓe. Manyan kafofin da ke tsakanin duwatsun ba sa jan ruwa sama, don haka shi ma kariya ne. Tarkacen tsohon daɓen na iya shiga nan idan an farfasa shi ƙanana. A rufe da yashi santimita 3 zuwa 5 don kada dutse ya huda leda. Daga nan tsarin ɗaya ne da na baya: maganin gara, leda, folistarin ga mai buƙata, leda ta biyu, raga. Bambancin kawai shi ne a nan kankare ake zubawa mai kaurin santimita 10, wanda zai ci kimanin buhu 6.

Mai ginin ƙasa ya lura da wani abu. Daɓen gargajiya yana barin laima ta fita ta ko'ina. Idan ka toshe tsakiyar ɗaki da leda, laimar za ta nemi hanya ta gefe, wato gindin bango. Bangon bulo da aka sa wa kariyar laima a tushe zai jure, bangon tubali kuwa zai iya jiƙa ya fara zaizayewa daga ƙasa. Saboda haka a ginin ƙasa gyaran waje ya zama dole kafin na ciki, kuma kada a shafe bangon da siminti ciki da waje gaba ɗaya a kulle laimar a tsakiya. A bar masa ɓangaren da zai riƙa shan iska, a riƙa sabunta yaɓensa kafin damina.

Ban ruwa da jira

Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma tana ɗaukar kwanaki. Iskar hunturu da zafin bazara na ƙafar da ruwan kafin aikin ya kammala. Da zarar saman ya yi taurin da yatsa ba ya barin shaida, a yayyafa ruwa a rufe da leda ko jiƙaƙƙun buhunan algarara, a rufe ƙofa da taga. A riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7. A ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki da sunansa, domin idan aka bar wa kowa ba mai yi. Bayan kwana biyu ana iya takawa a hankali. Kaya masu nauyi sai bayan kwana 28, lokacin da siminti ke kai ƙarfin da aka san shi da shi.

Ƙarfi daban, bushewa daban. Ruwan da ke cikin sabon daɓen yanzu ba shi da hanyar sauka ƙasa, ta sama kaɗai zai fita, kuma a ƙiyasin magina kamar milimita ɗaya yake bushewa a rana, ya ƙara jinkiri idan kaurin ya wuce santimita 4. Daɓe mai santimita 7 na iya cin wata biyu ko fiye. Wanda ya yi gaggawar mayar da hatsi zai ga laima a gindin buhu ya ce aikin bai yi ba, alhali ruwan kwaɓi ne bai gama fita ba. Bayan kwana 7 a buɗe ƙofa da taga iska ta yi ta ratsawa, sannan a maimaita gwajin ledar nan na farko. Idan ƙarƙashinta ya fito a bushe, ɗaki ya shirya. Shi ya sa lokacin aikin ya fi dacewa tsakanin Janairu da Maris: ƙasa a bushe, yashi na samuwa a kogi, ga isasshen lokaci kafin ruwan Yuni. Tayil ko fentin ƙasa ma sai bayan wannan gwaji.

A ƙarshen jiran a yanke rarar ledar da ta leƙo a gefen bango, a rufe saman siririn folistarin da ɗan shafen siminti ko tayil na gindin bango, yadda ɓera da gara ba za su same shi ba, amma kada a tare layin da kaya don a riƙa ganin hanyar gara idan ta taso.

Mayar da kaya

Ko da sabon daɓe, buhu ba ya zama a kan siminti kai tsaye. A yi dandamali na katako mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a bar kamar rabin mita tsakanin buhuna da bango don iska da dubawa. Hatsin ma ya shigo a bushe. Masara ana so danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100, domin fumfunar da ke kama masara da gyaɗa masu laima na haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Mai son tabbatarwa ya zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi cikin busasshiyar kwalba, ya rufe, ya girgiza, ya bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya.

Taki da maganin feshi su koma wani ɗakin, ba sa zama da abinci. Injin markaɗe ko janareta a ɗora shi a kan katako mai kauri ko guntun taya don girgizarsa kada ta tsaga daɓen, kuma janareta a waje ake tayar da shi saboda hayaƙi. Idan fetur ko baƙin mai ya zube a goge nan take kafin ya bi wata tsaga ya kai ga folistarin. Siraran tsagogi irin na gashi ba abin damuwa ba ne, amma wadda ta buɗe har tsinken ashana ke shiga a buɗe ta kaɗan a cike da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku, a ba ta ruwa kwana uku. Kada a kafa ƙusa ko a huda daɓen don ɗaure wani abu fiye da zurfin santimita 4, domin ledar tana nan ƙasa kaɗan.